Gadon tsoro da Habre ya bar wa 'ya'yan 'yan gudun hijira

Hissene Habre ya mutu a Dakar a watan Agustan 2021, yana cikin zaman ɗaurin rai-da-rai da wata kotu ta musamman ta yanke masa a 2016. Masu sharhi da dama sun ɗauka magana ta ƙare ke nan. Mu ba mu ga haka ba, domin akwai gidaje a Maiduguri da Kano da Kuseri ta Kamaru inda mulkinsa bai ƙare ba tukuna.

Daga 1982 zuwa 1990 Habre ya riƙe Chadi da jam'iyya ɗaya da kuma hukumar leƙen asiri ta DDS. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ta ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum kusan 40,000. An bi mutanen kudu a 1984, Hajarai a 1987, Zagawa a 1989. A Njamena har kwarmin wanka na zamanin Turawa aka rufe da siminti aka mayar kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Amma abin da ya fi cin rai shi ne yadda DDS ta mayar da maƙwabci ɗan rahoto. Mutum ya koyi cewa kalma ɗaya a majalisar shayi tana iya sa a zo da mota cikin dare.

Waɗanda suka tsallake iyaka sun taho da wannan darasi, kuma da shi suka yi tarbiyya. Uban da ya ga an tafi da wansa ba ya ba da labari. Sai dai ya hana. Kada a yi siyasa, kada a faɗi sunan garinmu, kada a saki jiki da baƙo. Yaro ya tashi yana ganin mahaifiyarsa tana firgita in an buga ƙofa bayan isha'i, bai kuma san dalili ba. Yau shi ne magidanci, yana jin Hausa da Barbarci fiye da harshen kakanninsa, yana kuma hana nasa 'ya'yan abin da aka hana shi.

Dole mu faɗi gaskiya: mu ma mun ƙara wa tsoron nan gishiri. A 1980 gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. A 1983 aka yi korar baƙi. In ɗan majalisa bai tsira ba, ina ga ɗan gudun hijira? Ga shi sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 bai ba wanda aka haifa a nan zama ɗan ƙasa ba, muddin babu ɗan Nijeriya cikin iyaye ko kakanninsa. Saboda haka wasu ke ɓoye asali don samun takardar ƙaramar hukuma, shiru ya hau kan shiru.

Abin da ya kai Habre gaban alƙali kuwa magana ce. Sulaiman Gengeng, akawun Hukumar Tafkin Chadi da aka kama a 1988, ya fito ya tattara shaidar ɗaruruwan 'yan uwansa fursunoni. A 2001 aka gano takardun DDS ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a hannunta.

Irin wannan aiki muke kira a yi a wannan gefen iyaka. Jami'ar Maiduguri da Gidan Arewa na Kaduna suna da masana tarihi da za su iya naɗar bayanan dattawan nan, da yardarsu, a kuma sakaya sunan wanda ya nemi haka. Majalisar tarayya kuma ta sauƙaƙa hanyar zama ɗan ƙasa ga wanda aka haifa a nan, bai san wata ƙasa ba. Wanda ya gudo a 1984 yana ɗan shekara talatin, yau ya kai saba'in.