Ra'ayinmu: Mutuwa A Cikin Labari Ba Tsintsiyar Share Hanya Ba Ce

Duk wanda ke bibiyar finafinan Hausa masu dogon zango da ake sakawa a tashoshin telebijin da YouTube, ko kuma littattafan da ake sayarwa shafi-shafi ta WhatsApp, zai lura da wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin marubutanmu, wato kashe mutum a duk lokacin da labari ya cije. Idan kishiya ta tsaya wa tauraruwa a maƙogwaro, sai mota ta kwashe ta. Idan uba ya ƙi amincewa da auren, sai hawan jini ya kayar da shi a tsakar gida, a garzaya da shi asibiti, likita ya fito yana girgiza kai yana cewa sai dai haƙuri. A yi salati, a sa kiɗan tausayi na ɗan lokaci, mako mai zuwa kuwa an tsunduma hidimar biki tamkar ba a taɓa yin mamacin ba. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da masu wannan sana'a za su zauna su dubi lamarin da idon basira.

A namu ganin, tushen matsalar shi ne yadda ake cakuɗa abubuwa biyu da suka sha bamban, wato ba-zata da kuma rataye zuciyar mai kallo. Shahararren mai shirya fim ɗin nan ɗan ƙasar Ingila, Alfred Hitchcock, ya fayyace bambancin a hirar da ya yi da takwaransa na Faransa, François Truffaut, a shekarar 1962, wadda ta fito a littafi a 1966. Misalin da ya bayar shi ne na mutane biyu da ke zaune suna hira, alhali an dasa bam a ƙarƙashin teburinsu. Idan ba a sanar da mai kallo komai ba, bam ya tashi, zai firgita na ƴan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Amma idan an nuna masa lokacin da aka dasa bam ɗin, aka kuma nuna masa agogo a bango, to hirar banzan da mutanen ke yi za ta zame masa abin da ba zai iya kawar da ido daga kai ba, domin ya san abin da su ba su sani ba. Ke nan abin da ke riƙe mai kallo shi ne sanin da aka ba shi. Marubutanmu da dama kuwa sun ɗauka ɓoye masa komai shi ne gwaninta.

Ba muna cewa ba-zata haramun ba ce. Hitchcock ɗin da kansa ya yi amfani da ita a fim ɗinsa Psycho na 1960, inda ya kashe tauraruwar fim ɗin, wadda Janet Leigh ta fito a matsayinta, tun ba a kai rabin fim ba, har ma ya nemi gidajen sinima su hana shiga ga duk wanda ya makara. Sai dai a duba abin da ya yi da wannan mutuwa. Kyamara ba ta gudu daga wurin ba, ta tsaya tana nuna yadda aka goge jini, aka naɗe gawar, aka nutsar da motar matar a cikin fadama. Daga nan har ƙarshen fim, duk wanda ya doshi gidan yana neman ta, mai kallo ya riga ya san abin da ke jiran sa. Mutuwa ɗaya ce ta ɗauki nauyin sauran fim ɗin gaba ɗaya.

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. A Dare Dubu da Ɗaya, tun daga farko an gaya mana cewa sarki yana kashe amaryarsa da wayewar gari, don haka duk lokacin da Shaharzad ta katse labari da asuba, ranta ne a kan faifai. Haka nan a littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, Abubakar Imam bai ɓoye mana makircin waziri ba. Mun san abin da zai sami Musa ɗan sarki idan ya fita, shi ya sa surutun aku ya zama abin da muke fatan kada ya ƙare.

Amma misalin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Marubucin ya fara ne da abin da marubucin yau zai ɗauka ɓarna ce: ya nuna mana Umar ya riga ya zama babban malami, yana zaune cikin almajiransa a Rauta kusa da Bauchi, yana ba su tarihinsa da bakinsa. Ke nan tun a shafin farko mun san ba zai mutu ba. An sace shi yana yaro, ya kuɓuta. An kai shi ƙasar Larabawa, ya girma ya yi karatu. Guguwar rairayi ta binne ayarinsu a hamada, ya tsira. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke sa mai karatu fargabar rasa shi.

To ina ɗar-ɗar ɗin yake? Yana wajen mahaifiyarsa. Marubucin ya raba labarin gida biyu, ya bar ɗan yana samun ilimi da daraja, ya kuma bi uwar da ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta faɗa cikin bauta. Mai karatu yana ganin hanyoyin biyu, su kuwa kowannensu ba ya ganin ɗan'uwansa. Tambayar da ke ci mana rai ita ce ko za su sadu, kuma a wane hali. Da suka sadu, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Babu mota, babu guba, babu kiɗa. Duk wanda ya karanta littafin a makaranta ya san wannan mutuwa ba ta fita daga zuciya, domin an gina ta tun daga nesa, kuma ita ce hukuncin da littafin ya yanke wa cinikin bayi ba tare da ya hau mumbari ya yi wa'azi ba.

A nan Nijar ma muna da namu. Littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani ya fito a 1980, Med Hondo ɗan ƙasar Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Labari ne da tarihi ya riga ya tona ƙarshensa. An san ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar nan a 1899 yana ƙone garuruwa, an san an gwabza a Lugu, an san abin da aka yi wa Birnin Ƙonni, an kuma san cewa a watan Yulin wannan shekara sojojinsu ne suka juya musu baya suka harbe su a yankin Tasawa. Duk da haka mai kallo ba ya iya tashi, saboda an bar shi yana ganin wutar tana matsowa gari bayan gari, yayin da sarakuna ke gardamar ko a yi yaƙi ko a miƙa wuya.

Fim ɗin marigayi Oumarou Ganda, Le Wazzou Polygame, wanda ya fara cin waccan babbar kyauta ta FESPACO a 1972, ya ma fi kusa da abin da masu finafinanmu ke juyawa kullum, domin labarin kishi ne. Alhaji ya dawo daga Makka ya nemi ƙara ta uku da yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Ɗaya daga cikin matansa ta ƙudiri niyyar hallaka amarya, mai kallo kuma ya san da niyyar. Sai aka sami kuskure, wadda ta mutu ƙawar amarya ce da ba ta ci ba ba ta sha ba. Wannan mutuwa ba ta share wa kowa hanya ba, sai ma ta tona asirin duk waɗanda suka haɗa auren.

Mun san amsar da wasu marubuta za su bayar, cewa ai mutuwa ba ta sallama, kuma hatsarin mota da hawan jini suna kashe mutane kullum ba tare da wani shiri ba. Wannan gaskiya ne, babu mai musun ajali. Sai dai a rayuwa, idan mutuwa ta faɗo babu sallama, ba ta tafiya da wuri. Akwai zaman makoki, akwai takaba ta wata huɗu da kwana goma, akwai rabon gado da ke raba ƴan uwa, akwai marayun da za a rarraba a gidajen dangi, akwai bashin da mamaci ya bari. Marubucin da ya fake da cewa haka rayuwa take, sai ya bi rayuwar har ƙarshe. A littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958, an kashe yaron nan Ikemefuna bayan ya yi shekara uku a gidan Okonkwo, kuma an sanar da mai karatu hukuncin tun yaron yana tafe da tulu a ka yana zaton gida za a mai da shi. Bayan kisan, Okonkwo ya kasa cin abinci har kwana biyu, ɗansa Nwoye kuma daga ranar zuciyarsa ta rabu da ubansa, abin da ya kai shi ga barin gidan daga baya. Shi kuwa Gabriel García Márquez na ƙasar Kolombiya, a wani gajeren littafinsa na 1981, a jimlar farko ya faɗi cewa za a kashe Santiago Nasar, ya kuma kwashe sauran shafukan yana bin diddigin yadda kusan duk garin suka sani amma aka rasa mai hanawa.

Abin da ya sa muka ɗauki wannan batu da muhimmanci har ya shigo wannan fili shi ne, masu kallon finafinan nan ba baƙin mutuwa ba ne. Mutanen Difa da Tilaberi da ƙauyukan kan iyaka na jihar Maraɗi, da ƴan uwansu na Zamfara da Katsina da Borno, sun binne mutanen da aka kashe ba gaira ba dalili. Bai kamata a riƙa nuna wa irin waɗannan mutane cewa rai abu ne da ake cirewa don labari ya wuce ba. Har ila yau, akwai darasin da ke shiga kan yara ba tare da an furta shi ba. Idan a kowane labari matsalar kishiya ko ta ubangida mai tsanani ba ta warwaruwa sai ɗayan ya mutu, to me muke koya wa yarinyar da za a yi wa kishiya gobe?

Ba mu manta da halin da masu sana'ar ke ciki ba. Wanda ke fitar da kashi ɗaya kowane mako, kuɗin shigarsa kuma ya dogara da yawan waɗanda suka dawo kallo, dole ya nemi abin da zai rufe kowane kashi da shi. Wani lokaci ma ɗan wasa ne ke ficewa daga shirin, a rasa yadda za a yi da gurbinsa sai a kashe shi. To amma ko ta fuskar kasuwa aka duba, gawa sau ɗaya take firgita mutum, idan aka yi ta biyu da ta uku sai ya daina jin komai. Mai kallon da aka nuna wa gubar a cikin kwano, aka bar kwanon a rufe a gaban wanda yake ƙauna, shi ne zai kwana yana ƙirga ranakun mako.

Don haka muna kira ga furodusoshi da su riƙa biyan marubuci ya kammala labari tun daga farko har ƙarshe kafin a ɗora kyamara, domin mutuwar da ba a san da ita ba tun ranar da aka fara rubutu, da wuya ta zauna daram. Muna kuma kira ga malaman adabi na Jami'ar Abdou Moumouni da sauran jami'o'inmu da su fito da wannan nazari daga aji, su kai shi ga matasan da ke rubutu da waya a Damagaram da Maraɗi da Tawa. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, wanda aka daɗe ana zaton ya ɓace, an gano shi a 2016, an gyara shi, an kuma nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin na Jamus a 2018. Ya kamata hukumomin al'adu su nemo shi, su haɗa shi da finafinan Ganda da Med Hondo, a haska su a cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda da ke Yamai, a kuma gayyato marubutan finafinan yau su zauna a sahun gaba.