Sallamar Kasuwa da Sallamar Kamfani

Kalmar sallama tana da fuska biyu a bakin Bakano. A Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ke danganta kafuwarta ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), idan aka ce ubangida ya sallami yaronsa, ana nufin ya ba shi jari, ya kama masa rumfa, ya haɗa shi da abokan ciniki, ya sa masa albarka. A kamfanonin fasahar zamani kuwa, waɗanda matasanmu ke tururuwar shiga, idan aka ce an sallami ma'aikaci, kora ake nufi.

Da yawa daga cikin ɗaliban da na koyar, 'yan Yakasai da Mandawari da Koki da Gwale, yanzu suna aiki a irin waɗannan kamfanoni. Wasu na rubuta manhaja, wasu na tattara bayanai, wasu na amsa kiran masu hulɗa. Idan muka zauna, ba sa raina aikin. Suna yabon sakin fuskar shugabanni, da rashin dogon tsari na ofishin gwamnati, da damar koyon abin da aji bai koya musu ba. Kukansu ɗaya ne: ba su san inda hanyar ta nufa ba. Wani ya shekara 3 a kan muƙami ɗaya, yana horar da sababbin shiga, sannan aka ɗauko wani daga waje aka ɗora a kansa. Wata kuma tana aiki har bayan sallar isha'i, da takardar ɗaukar aiki ta wata 6 wadda ake sabuntawa da fatar baki.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda wasu masu kamfanonin ke aron harshen gida. Sukan ce wa ma'aikata, ai duk 'yan gida ɗaya ne mu. Yaron da ya tashi a cikin ganuwa ya san nauyin wannan magana. An tarbiyyantar da shi da kunya, ba ya kallon idon babba ya nemi ƙarin albashi. Sai ya yi shiru yana jiran a gani a saka masa. To amma a tsarin iyayenmu, haƙurin yaro bashi ne a wuyan ubangida, kuma unguwa gaba ɗaya shaida ce. Attajirin da ya ci ƙuruciyar yaro bai sallame shi ba, zai ji a masallaci, zai ji a wurin ɗaurin aure. Kamfani ba shi da unguwar da zai ji kunyarta. Ya karɓi biyayyar tsohon tsari, ya ajiye haƙƙin da ke tafe da ita.

Gwamnati ta yi yunƙuri a ɓangarenta. A Oktoban 2022 aka sa hannu a kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, a 2023 kuma aka ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan 3. Sai dai horarwa ƙofar shiga ce kawai. Idan babu matakin hawa a ciki, gwanayen za su koma Legas da Abuja, ko su zauna a ɗakunansu suna yi wa Turai aiki ta intanet, Kano ta tashi da wahalar raino, wasu su ci moriya.

Shawarata ga masu kamfanoni ita ce su rubuta matakan ƙarin girma ƙarara: me ake buƙata, yaushe ake dubawa, nawa ne ƙarin. Su kuma bi dokar fansho ta 2014, wadda ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Ga matasa kuwa, tambayar makomarka ba rashin kunya ba ce. Tun ranar ɗauka ka nemi takarda, ka karanta, ka tambayi wanda ya riga ka shiga ina ya kai. Amanar da unguwa ke tsarewa a da, yau rubutu ne kaɗai zai tsare ta.