Ya Ci Rabin Kwano, Ya Ce Tuwo Ya Ƙare

Akwai wani kuka da iyalai ke yi bayan an sallamo majinyacin shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, kuma ba kasafai suke kiran abin da ciwo ba. Sai dai ka ji an ce, "Baba ya sauya hali." An kai masa tuwo, ya cinye na gefen dama tas, na hagu ko taɓawa bai yi ba, sannan ya ture kwano ya ce a ƙaro. Ɗansa ya durƙusa ta hagunsa ya gaishe shi har sau uku, bai ko waiwayo ba. In zai fita daga ɗaki, kullum kafaɗar hagu ce ke bugun ƙofa. Ya sa riga, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje, ya ce ya gama shiri. Daga nan sai ra'ayin gida ya rabu: wannan ya ce ido ne ya mutu, wancan ya ce fushi yake yi da wani, wata gwaggo kuma ta ce iska ce ko sammu, a nemi mai magani.

Ni a ganina, wannan yana cikin alamomin da aka fi zaluntar majinyaci a kansu a gidajenmu, ba don mugunta ba, sai don babu wanda ya zaunar da iyalin ya yi musu bayani. Ba taurin kai ba ne. Wani aiki ne na ƙwaƙwalwa ya lalace, aikin da mai lafiya bai ma san yana da shi ba.

Dubi manomi a gonar masara a Tudun Wada. Yana kafta fartanya dab da yatsun ƙafarsa daga safe har azahar, bai sare kansa ba, alhali ba kowane sara yake kallo ba. Dubi makiyayi a dajin Ɗansoshiya, yana kutsawa tsakanin ƙayoyi da sanda a kafaɗa, ya san inda zai sunkuya da inda sandar za ta maƙale tun kafin ya isa. Ɗan acaɓa a Kwanar Dangora kuwa yakan ratsa tsakanin motoci biyu, gwiwarsa ta wuce da ƙyar, ba tare da ya auna komai ba. Dukansu suna dogara ne ga wata taswira da ƙwaƙwalwa ke zanawa ta ɗan filin da ke kewaye da jiki, iyakar inda hannu ke kaiwa. Bari mu kira shi farfajiyar jiki. Ba ido kaɗai ke zana taswirar nan ba. Abin da ido ya gani, da abin da fata ta ji, da sautin da kunne ya kama kusa da kai, da labarin da gaɓoɓi ke aikawa na inda hannu da ƙafa suke, duk ƙwaƙwalwa ke haɗa su su zama abu guda.

A shekarar 1981, Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa a birnin Parma na Italiya suka bayyana wasu ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar biri masu aiki biyu. Ƙwaya ɗaya takan motsa in an taɓa fuskar birin, ita ɗin dai takan motsa in wani abu ya matso kusa da wannan wuri na fuskar ko da bai taɓa ba. In abin ya yi nisa, sai ta yi shiru.  A 1996 kuma, Atsushi Iriki a Japan ya koya wa birai jawo abinci da ɗan manjagara, sai aka ga filin da irin waɗannan ƙwayoyi ke gadi ya miƙe har zuwa bakin manjagarar. Wato ƙwaƙwalwa ta ɗauki kayan aikin tamkar ƙarin hannu. Makahon da ke jin ramin hanya a kan sandarsa, ba a tafin hannunsa ba, ya daɗe da sanin wannan, ba sai an yi gwaji da biri ba.

To, idan jini ya toshe ko jijiyar jini ta fashe a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, musamman wajen sama daga baya inda ake haɗa waɗannan saƙonni, sai rabin taswirar ya goge. Ɓangaren dama shi ke kula da hagun jiki, kuma matsalar ta fi yawa da tsanani a hagu. Likitoci suna kiran wannan da sunan da ke nufin watsi da ɓari ɗaya. Bambancinsa da makanta a fili yake. Wanda rabin ganinsa ya tafi yakan gane cewa akwai abin da ba ya gani, sai ya juya kai ya nema. Shi kuwa mai watsi da ɓari, a wurinsa hagu babu ita, don haka babu abin nema. Idan ya ce tuwo ya ƙare, gaskiyarsa ya faɗa. Wasu ma sukan musanta cewa hannunsu ya shanye, har a samu wanda zai ce hannun nan da ke kwance kusa da shi na wani ne. Ana iya samun matsalolin biyu, ta gani da ta watsi, a mutum ɗaya.

Wani labari da ya fi kama hankalina shi ne wanda Anna Berti da Francesca Frassinetti suka wallafa a shekarar 2000. Wata majinyaciya ce da ke watsi da hagu a abin da ke kusa da ita, amma in an nuna mata layi daga nesa aka ce ta nuna tsakiyarsa da ɗan tsinin haske, sai ta yi kusan daidai. Da aka ba ta doguwar sanda ta taɓa layin nan na nesa, sai kuskuren ya dawo. Sandar ta mai da nesa kusa, ciwon ya bi sandar. Na kawo wannan ne domin iyalan da ke cewa, "Ai yana hango mai shigowa tun daga zaure, ya za a ce bai ga kofin da ke gefensa ba? Da gangan yake yi." Ba da gangan ba ne. Lissafin nesa daban, na kusa daban.

Akwai kuma abin da ke ɓoye wannan ciwo a wurinmu musamman. Mu mutane ne na dama: da ita muke ci, da ita muke gaisawa, da ita muke karɓa da bayarwa. Mai dubiya ma ta dama yakan zauna don ya samu hannun gaisuwa. Saboda haka majinyaci zai iya yin makonni bai waiwayi hagu ba, kowa na ganin daidai ne, sai ranar da aka tarar hannun hagunsa ya kwanta a bakin kaskon wuta cikin sanyin hunturu, irin na Doguwa, ya ƙone bai janye ba.

Gwajin gida ba shi da wuya. A watsa gyaɗa a faifai, a ajiye a gabansa daidai tsakiya, a ce ya tsince duka. In ya tsince na dama ya ce ya gama, kun ga alama. Ko a ja layi a takarda a ce ya nuna tsakiya. Mai wannan matsala zai nuna can wajen dama. Wannan ba ya maye gurbin likita, amma zai ba ku abin faɗa masa.

Abin da na fi so in ja hankali a kai shi ne kuskuren da tausayi ke jawowa. Da iyali sun gane, sai su kwashe komai su mayar dama: ruwa, rediyo, buta, wurin zaman baƙi. A kwanakin farko, abin da zai nema da gaggawa, kamar ruwan sha da waya, lalle ya zauna inda zai same shi. Amma in aka mai da duniyarsa duka dama, an taya ciwon aiki. Juya masa kwano yana cika ciki, ba ya koyar da ƙwaƙwalwa komai. Gara a ɗaura jan ƙyalle a gefen hagu na tire, a ce, "Baba, nemi jan nan tukuna," har idonsa ya saba zuwa can. Jikoki su zauna ta hagu su yi masa hira, ana taɓa hannun ana kiran sunansa. A sa shi ya shafa wa hannun hagu mai da hannunsa na dama yana kallo, domin gani da taɓawa su haɗu a wuri ɗaya. Alwala ma dama ce sau biyar a rana: a tsaya kusa da shi, in ya wanke dama ya tsallake hagu, a tuna masa cikin ladabi, ba da tsawa ba. Da yawa suna samun sauƙi a makonni da watannin farko, ko da yake wasu abin yakan daɗe musu.

Kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya tsallaka titi shi kaɗai, ko da ƙafarsa ta yi ƙarfi. In za a ɗauke shi a babur, wani ya zauna bayansa ya kula da ƙafar hagu, don takan sauka daga mataki ta nufi sarƙa ko taya bai sani ba.

Ga ma'aikatan lafiya kuma ina da ƙorafi. Sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi da ya ƙware kan irin wannan yana manyan asibitocin birni, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma mutumin Doguwa ko Kiru ba zai iya zirga-zirgar Kano duk mako ba. Ashe iyali su ne masu jinyar gaskiya, kuma bai kamata a sallame su da takardar magani kawai ba. Minti goma na bayani, da nuna musu atisaye biyu ko uku, ba ya cin kuɗi. Babban binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a yankinmu, don haka maganin hawan jinin da aka rubuta masa ba a dainawa don an ga sauƙi.

Idan za ku koma asibiti, ku tafi da wanda ke ba shi abinci da wanka, ba wanda ya fi kowa girma a gida kaɗai ba. Shi ne zai iya gaya wa likita wane gefen kwano ake bari, wace kafaɗa ke bugun ƙofa, da ko tun yaushe aka fara lura.