Ƙaramar jif mai fetur da batir: mu yi lissafi kafin mu biya

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, hirar masu mota ta sauya. Da ana tambayar ƙarfin inji, yanzu ana tambayar shan mai. Shi ya sa dillalai suka samu bakin tallata motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da batir, musamman 'yan ƙananan jif irin Toyota Corolla Cross. Ban ƙi motar ba. Abin da na ƙi shi ne a saye ta da zuciya, ba da alƙalami ba.

Mu fara da abin da ake yabonta a kansa. Samfurin da ake ƙerawa a Huntsville ta jihar Alabama a Amurka yana da inji mai lita 2.0. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, yana shan kusan lita 5.6 a tafiyar kilomita 100, ita kuwa 'yar'uwarta mai fetur zalla, mai jan ƙafa huɗu, tana shan kusan lita 7.8. Bambancin lita 2.2 ke nan. Wanda ke tafiyar kilomita 15,000 a shekara zai rage lita 330. In muka ɗauka lita tana naira 1,000, ya tsira da naira 330,000. Kuɗi ne, babu shakka. To amma ka tambayi dillali ratar farashin motocin biyu, ka raba ta da wannan adadi, ka ga shekara nawa za ka yi kafin ka mayar da uwar kuɗinka.

Matsala ta farko, wannan ragin ma ba kowa ke samunsa ba. Batirin yana ƙara samun caji idan ka taka birki, injin kuma yana mutuwa idan ka tsaya. Saboda haka ribar tana cikin gari, a cunkoso. A can lita 5.2 take sha, a babbar hanya kuwa 6.2. Mai zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja zai biya kuɗin fasahar da ba ya cin moriyarta sosai.

Na biyu, batirin kansa, wanda shi ne zuciyar motar kuma shi ne babban abin tsoro. Zafi yana rage masa kwana, ga shi a watan Afrilu zafinmu yakan wuce digiri 40. Iska ce ke sanyaya shi, wata fanka ce ke zuƙo ta daga cikin motar ta wata kafa kusa da kujerar baya. Ƙurar hunturu na toshe matatar wannan kafa, batir ya yi ta ɗumama mai mota bai sani ba. A Amurka, Toyota na ba batirin garantin shekara 10 ko mil 150,000. Wannan alkawari ba ya hawa jirgin ruwa ya biyo motar zuwa Legas ko Kwatano. Ranar da batir ya gaza, aljihunka ne garanti, kuma da dala ake lissafin sabo.

Na uku, wa zai gyara? Bakaniken unguwa ya san Corolla kamar yunwar cikinsa, kayanta kuma ga su nan a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka. Haibirid sai da na'urar bincike da wanda ya koyi aikinta. Wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, tana iya kisa. Ko esi ɗinta da lantarki yake aiki, yana da mansa na musamman. Mai gyara ya zuba na gama-gari, ya jawo ɓarnar da ta fi kuɗin aikinsa nesa. Baƙin man injin ma siriri ne, ba wanda ake aunawa a galan a bakin titi ba.

Na huɗu, tarihin motar. Da yawa daga cikin motocin da ake shigo mana da su daga gwanjon masu hatsari aka saye su. Wadda ruwa ya taɓa cinyewa za ta iya sheƙi a waje, alhali tsatsa na cin wayoyinta a ɓoye.

Adalci ne a faɗi alherinta. Ba ta da sitata, ba ta da altaneta, birkinta kuma yana daɗewa. Toyota na amfani da wannan fasaha tun Prius ta 1997, ba gwaji take yi ba. Amma ingancin ƙira ba ya share ƙura, ba ya koya wa bakanike aiki.

Don haka hukuncina a fili yake. In yawancin tafiyarka a cikin gari ce, kana da ƙwararren mai gyara a kusa, kuma kana da abin da za ka ajiye domin batir, saye ta. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, ɗauki mai fetur zalla ka huta. Kuma ko wacce ka zaɓa, kada ka biya sisi sai an binciki tarihinta da lambar jikinta, an kuma ɗora ta a na'ura a gabanka.