Ɓuntun Shinkafa Ba Shara Ba Ne

Mai karatu, da zarar fumfuna ta kama tumatir ko kokwambar lambunka, sai ka garzaya neman maganin feshi, ka fesa yau, gobe ka tsinko wa iyalinka. Wannan ganganci ne. Kowane magani yana da kwanakin jira kafin girbi. Yaushe rabonka da duba su a jikin kwalba?

Ga kuma ɓuntu nan tsibi-tsibi a garuruwan casar shinkafa irin su Kura, ana banka masa wuta, hayaƙin yana tayar wa masu asma ciwo. Alhali kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, galibinta sinadarin silika, wanda ke ƙarfafa fatar ganye, musamman na kokwamba da kabewa, har fumfuna ta sha wuyar huda ta. Yana kuma sassauta ƙasa, ruwa ya daina kwanciya yana ruɓar da saiwa.

Kada ka zuba shi ɗanye, domin zai yi wa shuka kwacen abinci. Haɗa shi da takin dabbobi ya ruɓe, sannan ka cakuɗa da ƙasa kafin dashe. Ba ya warkar da shukar da ta riga ta kamu. Rigakafi ne, wanda zai rage maka feshin da ke ƙarewa a tukunyar 'ya'yanka.