Koyar da ɗalibai labaran talabijin kai tsaye: Ina ribar 'yan kasuwar kan iyaka?

Idan dai ba a manta ba, a farkon shekarar 2020 ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta maƙwabciyarmu Najeriya ta bayyana raba karatun aikin jarida zuwa fannoni 7, inda aikin rediyo da talabijin ya zama digiri mai zaman kansa. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai tashar rediyo da ɗakin shirye-shiryen talabijin da ɗalibai ke koyon aiki da hannunsu. Jami'ar Legas ita ma tana da tasharta ta talabijin. A Jos kuwa akwai kwalejin talabijin ta NTA, wadda aka kafa a 1980, tana ba da digiri a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mu ma a nan Nijar mun yi makarantar IFTIC a Yamai, wadda ta yaye ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin masu yawa.

Wataƙila Alhaji mai runfar atamfa a Ƙonni ko mai sayen dabbobi a Maigatari ya ce, to ina ruwansa da abin da ake koya wa yara a jami'a? Mu da muke aikin rediyon al'umma a bakin iyaka mun san cewa ruwansa ya kai har wuya, domin waɗannan yaran ne gobe za su gaya masa ko hanya a buɗe take, ko kuɗin da ke aljihunsa yana ci.

Da farko bari mu bayyana yadda aikin yake. Labarin da aka naɗa a faifai ana iya saurarensa a gyara kuskure kafin a saka. Na kai tsaye kuwa, abin da ya fito daga bakin mai karantawa ya riga ya shiga gidajen mutane. Saboda haka ake koya wa ɗalibai aiki cikin tsari: edita ya jera labarai ya ba kowanne daƙiƙoƙinsa, darakta yana zaune a ɗakin sarrafa hotuna yana zaɓar kyamarar da za a nuna, yana kuma yi wa mai gabatarwa magana ta wata 'yar na'ura a kunne, shi kuwa wakili yana can bakin kasuwa ko tasha yana jiran a ce masa ya fara. A da sai an tura babbar mota mai faifan tauraron ɗan'adam. Yanzu 'yar jaka mai ɗauke da layukan waya, ko ma wayar hannu kaɗai, ta isa. Wato aikin ya yi sauƙi, sakin ƙarya ma ya yi sauƙi.

Mu ɗauki misali da abin da kowa ya gani. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ranar 16 ga Disamba 2020 aka ba da sanarwar buɗewa, amma mashigai 4 kaɗai: Seme, Illela, Maigatari da Mfum, kuma haramcin shigar da shinkafa da kaji yana nan. Jibiya da Kamba sai a watan Afrilu na 2022 aka buɗe su. Wanda ya ji an ce "an buɗe boda" kawai, ya yi lodi daga Maraɗi ya nufi Jibiya, ai ya yi asarar kuɗin mota. Haka aka yi a 2024 bayan janye takunkumin ECOWAS: Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris, amma ɓangaren Nijar sai ranar 22 ga wata. Cikin waɗannan kwanaki 9 mun ga motocin albasa da na tumatir suna tsaye a rana.

Batun canjin naira ya fi wannan muni. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya ce tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023. Aka ɗage zuwa 10 ga Fabrairu. Sai shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ce tsohuwar 200 kaɗai za ta ci gaba. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce dukkansu halal ne har ƙarshen shekara, daga baya ma aka cire wa'adin gaba ɗaya. Duk lokacin da aka juya magana, sai jita-jita ta riga gaskiya isa kasuwa, masu tsoro su kai tsofaffin kuɗinsu wurin 'yan canji a karya musu farashi. Ɗan jarida ɗaya da ya iya aikinsa, ya tsaya ya karanta sanarwa dalla-dalla da Hausa, zai iya tsare wa mutane dukiya mai yawa.

A nan ne muke da abin cewa ga masu koyarwa. Na farko, kyamara da fitilu masu kyau ba su ne aikin ba. Magana zarar bunu ce. A koya wa ɗalibi cewa kafin ya ce an buɗe hanya, sai ya ji daga kwastan ko duwan, ya kuma ji daga direban da ya bi ta. A koya masa tambayoyin da ɗan kasuwa ke yi: wace mashiga, wane kaya, daga yaushe, nawa za a biya? A kuma koya masa cewa ba abin kunya ba ne ya faɗa a gaban kyamara cewa labari bai tabbata ba tukuna.

Na biyu shi ne harshe. A Najeriya da Turanci ake karatun, a Nijar da Faransanci, alhali kasuwannin Illela da Magarya da Ɗan Isa da Hausa ake ciniki. Mun sha karɓar matasa masu takardun digiri da suka zo sanin makamar aiki, amma idan aka miƙa musu sanarwar gwamnati aka ce su faɗe ta da Hausa nan take, sai su rikice tsakanin sauya takardun kuɗi da karya darajar kuɗi. Wannan kuskure guda ya isa ya hargitsa kasuwa.

Na uku, a fito da ɗalibai daga harabar jami'a. Wanda ya yi rahoto kai tsaye daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Illela ranar Lahadi, cikin ƙura da hayaniya da layin waya mai yankewa, ya koyi abin da ɗaki mai sanyi ba zai koya masa ba.

Wani hanzari ba gudu ba, mun san dalilin da ya sa 'yan kasuwa ke gudun kyamara: tsoron masu haraji da ɓarayi. Tsoron yana da hujja, don haka dole a koya wa ɗalibai neman izini kafin ɗaukar fuskar mutum ko shagonsa. Amma rufe baki baki ɗaya yana bar wa masu yaɗa ƙarya a Facebook da WhatsApp fili.

Daga ƙarshe muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, su ware mutum ɗaya ko biyu da za su riƙa magana da yawunsu, su kuma karɓi waɗannan ɗalibai hannu bibbiyu idan sun zo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya san hanyar kasuwarku tun yana ɗalibi, ba zai manta da ku ba ranar da ya zauna a kujerar edita.