Tsakanin Skyrim da The Witcher 3

Mai neman wasan kwamfuta na almara, wato wanda aka gina bisa duniyar sihiri da dodanni, yakan rasa na zaɓa tsakanin Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a 2011, da The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red, wanda ya fito a 2015. Skyrim yana barin ɗan wasa ya tsara jaruminsa ya yi ta yawo son ransa, amma na biyun ya fi cancanta, domin hukuncin da maharbin dodanni Geralt ya yanke yakan haifar da sakamako daga baya, kamar yadda sakin wani aljani daga bishiya a yankin Velen kan iya jawo basaraken wurin ya rataye kansa.